Wane man giya ya dace da motar iyalinka: na kamfani, na gama-gari, ko jan man gidan mai?

Mai Sienna ko Odyssey da ke zaune a Gumel, Ringim, Dambatta ko wani ƙauye na Birnin Kudu ba ya shan wahala wajen zaɓen baƙin mai. Ya san wanda yake zubawa, ya san lokacin juye. Man giya ne yake ɗaure kai. Ranar da bakanike ya zaro geji, ya goga a tsumma, ya ce man ya mutu, sai shawarwari su yi yawa. Wani ya ce sai na gwangwani mai tambarin Toyota. Wani ya ce a shiga gidan mai a sayo ja kawai. Direban tasha kuma ya ce kada ma a taɓa, wai taɓa man giya shi ke kashe giya. Ga kuɗi ba su wadata ba, ga shi kuma idan giyabos ya tafi, sayen wani na Baljiyam a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano yakan girgiza gida gaba ɗaya.

Ina so in faɗi matsayina tun da wuri. Motarka ta riga ta zaɓi irin man da take so tun daga masana'anta, kuma an rubuta shi a jikin geji ko a littafinta. Abin da ya rage maka shi ne wane kamfani za ka saya, a hannun wa, da kuma yadda za a zuba. A nan ne kuɗin mutane suke salwanta.

Ma'aunai huɗu da za a auna kowane mai da su

Na farko shi ne dacewa, kuma shi ne uban sauran. A giya atomatik, mai ba santsi kaɗai yake bayarwa ba. Shi ne yake ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya, shi ne yake matse faya-fayen kuloci na ciki idan giya za ta canza, shi ne kuma yake kwashe zafi ya kai lagireto. Faya-fayen nan an yi su ne da wani irin abu mai kama da takarda, kuma kowane kamfani ya auna yawan santsin da zai sa su kama a hankali, ba da fizga ba, ba da zamewa ba. Idan man ya fi ƙima santsi, faifan zai riƙa zamewa yana ƙonewa. Idan santsin ya gaza, sai ka ji giya tana bugawa ko motar tana karkarwa a tafiyar kilomita sittin zuwa tamanin. Jan launin da ake gani rini ne aka zuba domin a bambanta shi da baƙin mai idan yana yoyo. Saboda haka idan aka ce maka "Alhaji, ai duk ja ne," ka tambayi lambar da ke jikin robar, ka bar maganar launi.

Na biyu shi ne juriyar zafi. Motocin nan an ƙera su ne da tunanin titin kwalta na Amurka da Turai. A wajenmu, a watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, mota ta kwashi mutum takwas da buhunan gero biyu a baya, ta sauka daga kwalta ta shiga burji, daga burji ta faɗa yashi. Babu abin da yake dafa man giya kamar tayoyi suna juyawa a cikin yashi direba yana taka totur yana kai giya gaba da ribas. Mai da ya dahu yakan yi duhu, ya yi ƙauri, ya rasa sinadaran da ke cikinsa.

Na uku shi ne samuwa da tabbacin cewa abin da ke cikin gwangwani shi ne abin da aka rubuta a jikinsa. Ga mutumin ƙauye wannan ma'aunin ya fi nauyi fiye da yadda mutanen birni suke zato.

Na huɗu kuɗi. Ba zan rubuta farashi da naira ba, domin tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kayan waje suke bin dala, farashin yau ba ya kai wata guda. Abin da ba ya canzawa shi ne jerin wanda ya fi wani tsada. Kuma ka riƙa lissafi da aikin gaba ɗaya, wato lita nawa za a zuba da sau nawa za a maimaita, ba da kuɗin roba ɗaya ba.

Me motarka ta nema?

Kafin ka tafi kasuwa, buɗe bonet. A yawancin motocin Toyota masu geji, an buga sunan man a jikin ƙarfen gejin ko a marikinsa.

Sienna ta farko, daga 1998 zuwa 2003, mai giya huɗu, Dexron II ko III take sha. Wadda ta biyo ta daga 2004, mai giya biyar da injin 3.3, ta koma Toyota T-IV. Daga 2007 da aka sa injin 3.5 sai man Toyota WS ya shigo, amma a waɗannan shekarun na tsakiya ka yarda da abin da geji ya ce fiye da abin da mai sayarwa ya ce, musamman da yake motoci da yawa sun riga sun sha canjin giyabos kafin su zo hannunka. Daga 2011 zuwa sama, mai giya shida da mai giya takwas ta 2017, duk WS ne, kuma babu geji kwata-kwata.

Honda Odyssey tsofaffi an rubuta musu ATF-Z1. Kamfanin ya daina yin sa wajen 2011 ya maye gurbinsa da DW-1, wanda ake zubawa a tsofaffin ma. Na 2018 zuwa sama masu giya tara da goma suna da nasu man daban. Dodge Caravan da Chrysler Town & Country ATF+4 suke sha. Kia Sedona kuma SP-III ko SP-IV, gwargwadon shekara. Idan kuwa motarka mai giyar CVT ce, irin Nissan Quest daga 2011, to duk abin da zan faɗa a ƙasa game da ATF, wato man giya atomatik na yau da kullum, bai shafe ka ba: man CVT kaɗai za ka nema, mai lambar da Nissan ta rubuta, domin wannan giyar bel ɗin ƙarfe ne yake aiki a cikinta, kuma man da bai dace ba yakan sa ya zame.

Sharan, wadda kowa ya sani da Sharon a tasha, tare da 'yan'uwanta Ford Galaxy da Seat Alhambra da aka ƙera a masana'anta ɗaya a Fotugal, maganarsu daban ce, zan dawo kanta.

Zaɓi na ɗaya: man kamfanin motar

Wannan shi ne Toyota T-IV ko WS, ko Honda DW-1. Ta fuskar dacewa babu gardama, shi aka gwada giyar da shi. Toyota da kanta ta yi gargaɗi a littafin motar cewa zuba wani mai na iya lalata canjin giya, ya kawo karkarwa, daga baya ya lalata giyabos. Ta fuskar juriya ma ba laifi. Kuɗinsa ya fi na kowa, ko ya yi kusa da hakan.

Matsalarsa guda ce, amma babba: shi aka fi yi wa jabu. Dalilin a fili yake. Mutane suna nemansa ido rufe, kuma suna biyan kuɗi mai yawa, sai 'yan damfara suka bi sawu. Na Toyota yakan zo a gwangwanin ƙarfe na lita 4 ko a baƙar roba ta Amurka. Ana tattara tsofaffin gwangwanaye daga garejoji, a cika su da mai mai araha da aka rina, a manna murfi. Wani kuma ana buga gwangwanin sabo fil. Mutum ya biya kuɗin gangariya, ya zuba abin da bai kai Dexron na gidan mai ba, yana tafe hankalinsa kwance. Wannan ya fi ba ni takaici a duk harkar, domin wanda aka cuta shi ne wanda ya fi kowa son kula da motarsa.

Ga abin da za ka duba da idonka. Murfi ya kasance da hatiminsa na asali, ba alamar an taɓa murɗe shi, ba danƙon gam a gefe. Rubutun jiki ya fito tas, ba dishi-dishi ba, ba kuskuren harafi. Gindin gwangwani kada ya nuna tsatsa ko lotsewar tsohon kaya. Idan farashin ya faɗi ƙasa sosai da na sauran shaguna, ajiye shi. Ka karɓi rasit mai sunan shago. Duk da haka, jabun zamani yana iya tsallake duk wannan binciken, shi ya sa amanar mai shago ta fi komai. Dilan da aka san shi shekara da shekaru a wuri ɗaya, wanda zai ji kunyar ganinka gobe, ya fi wanda ya yi maka rangwame yau.

Abu biyu kuma. Robar Amurka ba lita cikakkiya ba ce, mililita 946 ce, don haka guda huɗu ba su kai gwangwanin lita 4 ba. Sannan idan an gama zubawa, ka huda gwangwanin da ƙusa ko ka taka robar kafin ka bar garejin, kada gobe a cika ta a sayar wa maƙwabcinka.

T-IV da WS duk na Toyota ne, amma ba a musanya su. WS ya fi tsinkewa. Kada a ce maka tunda shi ne sabo ai ya fi kyau a kowace mota.

Zaɓi na biyu: man wani kamfani da aka yi takanas don lamba ɗaya

Mutane da yawa ba su san da wannan ba, kuma ni a ganina shi ne tsaka-tsakin da ya fi daɗi idan an same shi. Toyota da Honda ba su da matatar mai, wasu kamfanoni ne suke haɗa musu. T-IV yana da lambar JWS 3309, WS kuma JWS 3324. Kamfanin Aisin na Japan, wanda yake ƙera giyabos na motoci masu yawa ciki har da na Toyota, yana sayar da T-IV da WS da sunansa. Idemitsu ma yana da irin na Toyota da irin na Honda. Mobil na da ATF 3309, wanda lambar kanta ta nuna na T-IV ne.

Dacewarsa kusan ɗaya da na kamfani, juriyarsa haka, kuɗinsa sau da yawa ya ɗan sauka. Masu jabu ba su cika damuwa da shi ba kamar mai tambarin Toyota, ko da yake ba a rasa ba. Illarsa samuwa. Da wuya ka gan shi a Maigatari ko Kazaure, sai ka shiga Kano ka nema a wajen manyan dilolin mai, wani lokaci ma sai ka ba da saƙo.

Zaɓi na uku: man gama-gari

Wannan mai ne na zamani da aka haɗa domin ya yi wa motoci iri-iri aiki. Valvoline MaxLife shi ne aka fi sani, Castrol da wasu ma suna da nasu. Idan ka juya bayan robar za ka ga dogon jeri: T-IV, WS, Z1, DW-1, Dexron, Mercon da sauransu.

A nan akwai abin lura. Jerin nan kamfanin man ne yake cewa nasa zai yi, ba Toyota ko Honda ne suka sa hannu ba. Mai ɗaya ba zai zama daidai wa daida da lambobi ashirin masu kauri daban-daban ba, sai dai ya tsaya a tsakiya. A aikace, masu Sienna da yawa suna amfani da shi shekaru ba tare da ƙorafi ba, kuma juriyarsa ga zafi tana da kyau ƙwarai, har ta fi ta tsohon Dexron nesa. Ga motar da take ɗaukar lodi a kan burji wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuɗinsa tsaka-tsaki ne zuwa sama.

Inda nake ja da baya shi ne Honda. Giyar Honda ta waɗannan shekarun gininta daban ne da na sauran motoci, kuma Odyssey ta 1999 zuwa 2004 an san ta da raunin giya, har kamfanin ya kira wasu a dawo da su domin gyara a 2004 saboda giya ta biyu tana ɗaukar zafi. Motar da dama can take da wannan tarihin ba wurin gwaji ba ce. Ka ba ta DW-1 ko kwatankwacinsa na zaɓi na biyu.

Idan har za ka sayi gama-gari, sai ka ga lambar motarka a rubuce a jikinsa da idonka. Idan babu, babu.

Zaɓi na huɗu: Dexron II ko III na gidan mai

Shi ne jan man da kowa ya sani, wanda ake samu a kusan kowane babban gidan mai daga Wudil har Hadejia. Mobil ATF 220 Dexron II ne, ATF 320 kuma Dexron III. TotalEnergies da kamfanonin cikin gida ma suna da nasu. Ya fi sauran araha, ya fi su samuwa, kuma idan a gidan mai na kamfanin ka saya a rufe, haɗarin jabu ya ragu sosai. Na gida ka duba tambarin SON, hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, a jiki.

Ga mai Sienna ta 1998 zuwa 2003, wannan shi ne ainihin abin da aka rubuta mata. Ba rowa ka yi ba, ba ka kuma rage mata komai ba. Sayen WS mai tsada a zuba mata ɓarnar kuɗi ce, kuma man ya yi mata ruwa-ruwa. Ka fifita III a kan II don ya fi jure zafi. Ka kuma tuna wa bakanike cewa a wannan tsohuwar Sienna difarenshal, wato abin da ke raba ƙarfin giya ga tayoyi, yana da ɗakinsa daban da nasa notin zubawa, ana yawan mantawa da shi.

Ga mai T-IV, WS ko DW-1 kuwa, Dexron III bai dace ba. Abin da yake ruɗar mutane shi ne ba ya kashe giya a ranar. Motar za ta tashi, za ta je kasuwa ta dawo, bakanike ya ce ka gani ko. Sai bayan watanni a fara jin bugu idan an sa ribas da safe, ko karkarwa a kan kwalta, lokacin kuma ba wanda zai tuna da man da aka zuba. Wani abin da ya ƙara ruɗanin shi ne tsofaffin Sienna suna shan Dexron a tukunyar sitiyari, sai a ɗauka tunda ya shiga can zai shiga ko'ina.

Dexron suna ne na kamfanin General Motors, kuma kamfanin ya daina ba da lasisin Dexron III tun ƙarshen 2006 bayan ya fito da Dexron VI. Ke nan yau duk wanda ya ga dama zai iya rubuta sunan a robarsa ba mai bincikarsa daga can. Sunan kamfanin da ya haɗa man shi ne jinginarka. Juriyarsa ita ce mafi ƙaranci cikin huɗun nan, don haka yana son canji da wuri.

Zaɓi na biyar: man awo

Wanda ake tsiyayowa daga jarka a zuba a gorar ruwa a bakin titi. Ba ka san lambarsa ba, mai sayarwa ma bai sani ba, ga ƙurar hunturu tana shiga duk lokacin da aka buɗe. A cikin giyabos akwai hanyoyin mai ƙanana ƙwarai da ɗan yashi kaɗan yake toshewa. Araha ba ta ado. Ban ga motar iyalin da zan ba wa wannan shawarar ba.

A jere

| Irin mai | Dacewa | Juriyar zafi | Samuwa a karkara | Kuɗi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Na kamfanin motar | Cikakkiya | Mai kyau | Sai an shiga Kano ko Dutse | Mafi tsada | Jabu |
| Na lamba ɗaya, irin Aisin ko Idemitsu | Kusan cikakkiya | Mai kyau | Da wuya | Ƙasa kaɗan | Rashin samu |
| Gama-gari | Mai kyau idan lambarka na jiki | Mai kyau sosai | Jefi-jefi | Tsaka-tsaki zuwa sama | Bai dace da kowace giya ba |
| Dexron II ko III | Ga tsofaffi kaɗai | Matsakaiciya | Ko'ina | Mai sauƙi | Zuba shi inda ba a rubuta ba |
| Man awo | Ba a sani ba | Ba a sani ba | Ko'ina | Mafi araha | Ƙura da gauraye |

Maganar "kada a taɓa man giya"

Wannan magana tana da tushe, shi ya sa ba na raina masu faɗinta. Abin da yake faruwa shi ne, mutane ba sa tunawa da man giya sai giya ta fara zamewa. A lokacin faya-fayen sun riga sun cinye, garin da suka zubar yana yawo a cikin tsohon man, shi ne ma yake ɗan riƙe su. Aka zubar da shi aka sa sabo mai tsafta, sai zamewar ta fito fili, a ɗora wa sabon mai laifi. Giyar da take lafiya canjin mai ba ya kashe ta.

Don haka ka fara da duba man. Ɗiga shi a farar takarda. Ja ko ja mai ɗan duhu, lafiya. Ruwan ƙasa, lokacin canji ya yi. Baƙi mai ƙauri da burbushin ƙarfe yana ƙyalli, kuma giya tana zamewa, to wannan ya wuce maganar mai, babu gwangwanin da zai gyara shi komai tsadarsa. WS yakan yi duhu da wuri ko da yana da sauran ƙarfi, don haka a kansa ka haɗa da shinshinawa.

Idan ka ga ya koma kamar shayin da aka cika wa madara, ruwa ne ya shiga. Masu bin hanyoyin Auyo, Hadejia da Ringim da damina su kula da wannan, domin giyabos yana da ƙaramar kafar numfashi a samansa, idan mota ta nutsa a ruwa yakan zuƙa ta nan. Wani lokacin kuma bututun man giya da ke cikin lagireto ne ya fashe. Ruwa yana ɓamɓare faya-fayen, don haka kada a ci gaba da tuƙi, kuma a gano ta inda ya shiga kafin a zuba sabo.

Wajen canjin kansa, na fi son a kwance notin ƙasa a tsiyaye, a auna abin da ya fita, a mayar da daidai shi. A Sienna ta 2004 zuwa 2010 abin da yake fita lita 3 zuwa 4 ne, alhali giyabos yana riƙe da fiye da lita 8. Ke nan juye ɗaya bai kai rabi ba. Idan man ya tsufa sosai, a yi juye, a yi tafiyar kwanaki, a sake, har sau uku, sai ka samu kusan kashi 80 cikin 100 sabo ne. Wannan lissafin ka sa shi a kasafinka tun farko, domin shi ne yake nuna ainihin bambancin kuɗi tsakanin mai da mai. Wanke giyabos da kananzir, fetur ko wani sinadari kuwa kada ka yarda ko da wasa.

Duba yawan man ma ya bambanta. A Toyota mai geji, mota a wuri mai daidai, inji ya yi zafi yana sulo, giya a P. A Honda mai geji, kashe injin ake yi a duba nan take, cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Sienna ta 2011 zuwa sama da ba ta da geji, ta wata kafar ambaliya a ƙasa ake daidaita man, kuma sai zafinsa yana wajen digiri 40. A Jigawa cikin bazara iskar gari kanta ta kai haka da rana, don haka aikin na sassafe ne, mota ta kwana a huce, kuma a wajen wanda yake da kwamfutar karanta zafin giya. Ka tambaye shi cikin mutunci: "Oga, da me za ka auna zafin?" Idan ya ce da hannu zai ji, ka yi masa godiya ka nemi wani.

Tsawon lokaci kuwa, Toyota ta sa mil 60,000 ga motar da take aikin wahala, wato kusan kilomita 96,000. Ka tuna yawancin Sienna da Odyssey na Amurka da mil suke ƙirga. Ni dai ga hanyoyinmu da zafinmu, ba zan wuce kilomita 50,000 zuwa 60,000 ba, mai Dexron kuma ƙasa da haka.

Masu Sharon

Galibin Sharan da Galaxy da ke yawo tsakanin Kano, Dutse da Hadejia masu giyar hannu ne. Su ba ATF suke sha ba, man giya ne irin 75W-90 mai alamar GL-4. Kuskuren da aka saba shi ne zuba mai kauri na 90 ko 140 irin na manyan motoci, sai giya ta ƙi shiga da sanyin safiya a hunturu. Mai alamar GL-5 zalla kuma sinadarinsa na iya cin zobban tagulla da ke daidaita shigar giya. Wanda tasa atomatik ce, ya nemi lambar Volkswagen da aka rubuta wa giyarsa, wadda take farawa da G, kada ya zuba T-IV don kawai shi ne a kusa.

Wa ya dace da wanne

Idan Sienna ɗinka ta 1998 zuwa 2003 ce, sayi Dexron III a rufe a gidan mai na kamfani sananne, ka riƙa canzawa da wuri. Idan kana yawan lodi zuwa kasuwar Maigatari ko Wudil, gama-gari mai ɗauke da Dexron III a jerinsa zai fi jure maka zafi.

Idan taka mai T-IV ce, kuma kana da dilan da ka amince da shi a Kano, ɗauki na Toyota, Aisin ko Mobil 3309, duk wanda ya fi sauƙi a ranar. Idan ba ka da irin wannan dilan, gama-gari na gaskiya ya fi maka gwangwanin Toyota da kake kokwanto a kansa.

Idan mai WS ce, musamman marar geji, ka tsaya a kan WS na Toyota, Aisin ko Idemitsu, ka kuma ware kuɗin aikin ƙwararren bakanike, domin a wannan motar kuskuren awo yana ɓarna kamar kuskuren mai.

Mai Odyssey ta kafin 2018, DW-1 ko kwatankwacinsa, juye kaɗan-kaɗan a kai a kai.

Wanda ya sayi mota yanzu daga Kwatano bai san abin da aka taɓa zuba mata ba, ya duba lambar giyabos ɗin da ke jikinta, ya yi juye uku a jere da man da ya dace, ya rubuta kilomita da sunan man a takarda ya ajiye a aljihun gaban mota.

Wanda kuma yake ƙauye mai nisa da birni, ya sayi lita ɗaya ƙari ya ajiye a but a rufe. Idan tiyo ya tsage a hanyar daji kuma babu komai sai Dexron na gidan mai mafi kusa, a ɗaure tiyon a zuba shi a lallaɓa zuwa gida, domin tafiya da ƙarancin mai ta fi saurin ƙona giya, sannan cikin satin a tsiyaye a mayar da wanda aka rubuta wa motar.